Mita 15 na jan ƙarfe, da zoɓon da na zubar a kwata

Gora tamanin na zubar ranar 12 ga azumin 2024, kowace rabin lita, kuma ban yarda kowa ya taya ni ba. Ina tsugune ina murɗe murafu ɗaya bayan ɗaya, jan ruwa na bin rariya zuwa waje, har maƙwabciyarmu ta aiko yarinya ta tambaya ko yanka muka yi. Wanda ya tuna tsadar sukari a azumin nan ya san sukarin da ke ciki kaɗai ya isa a yi masa kuka. Amma ba shi ke ci mini rai har yau ba. Abin da ke ci mini rai, tun ina 'yar shekara bakwai na san abin da zai faru, na kuma manta da shi don kawai na ga dabarar a waya, a hannun Bature.

Sana'ata zoɓo ce, soɓo muke cewa a nan Birnin Kebbi, kuma a cikin gida nake yi. Duk wadda ta taɓa ɗora lita 40 a tukunya ɗaya ta san dafawar wasan yara ce, jiran ya huce shi ne aikin. Ki sauke babbar tukunya da hantsi a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, har la'asar in kika tsoma yatsa sai kin janye. Ki ɗura da zafi, goruna su motse su karkace. Ki tura shi firiza da ɗumi, ya narkar miki da ƙanƙarar jiya, inji ya yi ta gurnani, 'yar wutar da aka kawo ta tafi a banza. Ki dafa da dare ki bar shi ya kwana da sukari a ciki, washegari da yamma gora ta yi tauri kamar ganga, kina buɗewa ta huce miki a fuska. An gudu ba a tsira ba. Ga shi a azumi ƙanƙara sarauniya ce, mai ita yana zaune kan benci yana zaɓen wanda zai sayar wa.

A watan Sha'aban autanmu ya shigo ya same ni ina fifita tukunya da faifai. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Yaya, wannan wahalar ai Turawa sun gama da ita tun tuni." Ya miƙo mini waya. Wani mutum ne a garejinsa a Amurka, ga tukunya tana tururi, ya ɗauko naɗin bututu ja kamar gammon maciji ya tsoma a ciki, ya jona tiyo, ya kunna famfo. Ruwan sanyi na shiga ta wannan baki, yana fita ta wancan da zafinsa. Cikin abin da bai kai rabin awa ba ya rungumi tukunyar da hannu biyu.

Na ce me yake dafawa? Ya ɗan sosa ƙeya, ya ce ruwan tsiron sha'ir ne, giya za su yi da shi. Na yi a'uziyya na ture wayar. Ya ce, "Haba Yaya, ba abin shan za mu ara ba, dabarar za mu ara. Tukunya tana da addini ne?" Ya yi mini bayani cewa su ma damuwarsu irin tawa ce: sai sun sauko da ruwan daga tafasa zuwa wajen digiri 20 kafin su zuba yis, kuma in suka yi jinkiri wasu ƙwayoyin cuta su riga yis ɗin shiga su ɓata musu aiki. Na ga maganarsa da ƙamshin gaskiya. Har yau ma ban ce ƙarya ya yi ba.

Iri uku ya nuna mini. Na farko shi ne naɗin da ake tsomawa a tukunya. Na biyu bututu ne cikin bututu, abin zafi na bi ta na ciki, ruwan sanyi na bi ta na waje suna saɓa wa juna hanya. Na uku wani ɗan akwatin ƙarfe ne kamar rabin bulo, cikinsa siraran farantai ne a jere, shi ya fi duka sauri. Biyun ƙarshe ban ɓata lokaci a kansu ba. Abin da ba zan iya ganin cikinsa ba, ba zan iya wanke shi ba, kuma zoɓo da citta da kanumfari ba su rasa tsaki komai tacewa. Kwana biyu akwatin nan zai toshe. A nan dai hankalina ya yi aiki, kuma ina ba kaina wannan.

Saura tambaya ɗaya: naɗin na wane ƙarfe? Akwai na jan ƙarfe, wanda masu gyaran firji ke kira kofa, akwai na farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, sitenles. Mun je wurin wani mai walda ya ce sitenles siriri wuyar lanƙwasawa gare shi, in ba ka da abin naɗa shi sai ya karye ya toshe, kuma sai an aika Kano. Jan ƙarfe kuwa ga shi a shagon masu kayan firji da na'urar sanyaya ɗaki, a naɗe mita 15, laushi kamar a lanƙwasa da hannu. Auta ya ƙara da cewa jan ƙarfe ya fi sitenles saurin ɗaukar zafi kusan sau 25. Wannan sau 25 ɗin shi ya gama da ni. Na ɗauki adashena, wanda na yi niyyar sayen ƙarin kula da shi, na ba shi. Abokinsa mai gyaran firji ya naɗe bututun a jikin bokitin fenti, ya ɗaga baki biyu sama, aka ɗaura tiyo da ɗanko.

Satin farko na azumi kam sai hamdala. Ina dafawa bayan asuba, ruwan tanki ya kwana ya huce, in tsoma naɗin in riƙa juyawa da muciya. Cikin minti 40 ma'aunin zafin da auta ya sayo mini mai tsinke ya sauko daga tafasa zuwa 38. Ruwa yana ci, jarka takwas zuwa goma, amma ba ya ɓaci: na farko mai zafi mu yi wanke-wanke, saura a tara a baho a yi wanki. Kafin azahar goruna suna cikin firiza. Har mata biyu na kira suka zo kallo, ina ta baza ilimi kamar ni na ƙirƙiro.

Ga abin da na gani da idona a ranar farko. Bututun ya shiga tukunya da duhu-duhunsa, irin launin tsohon kwabo. Ya fito yana walƙiya, ja-jawur, kamar sabon munduwa. Daidai inda zoɓo ya tsaya akwai layi, sama duhu, ƙasa ƙyalli. Na ɗaga shi na nuna wa yara na ce ku ga ikon Allah, zoɓo har wanki yake yi. Ban tambayi kaina inda dauɗar ta tafi ba. Wata mai sayen sari ta ce mini zoɓon kwanan nan ya ɗan yi bauri, na ɗora wa sabon buhun da na sayo. Ashe faɗakarwa ce ta biyu.

Ranar 9 ga wata aka yi mana rasuwa a Jega, na tafi na kwana biyu. Yarinyata ta ɗauraye naɗin ta cusa shi cikin buhu da jiƙonsa. Da na dawo na ga ɗigo-ɗigon kore a tsakanin zagayen, inda soso ba ya kaiwa. Na watsa masa ruwa da omo, na ce sauran ai tafasa za ta kashe. Tunanina duk yana kan ƙwayoyin cuta, ban san koren nan ba abin da tafasa ke kashewa ba ne.

Ranar 12, da rana tsaka, matar wani bawan Allah a layinmu ta aiko cewa maigidanta zai yi sadakar buɗa-baki a masallaci, gora hamsin yake so kafin magariba. Na karɓa ban yi shawara da kowa ba, don ina taƙama da injina. Na ɗora lita 40 wajen ƙarfe ɗaya, na zuba ɓawon abarba, na matse lemon tsami fiye da kullum saboda na masallaci ne ina son a yaba. Na sauke, na tsoma naɗi, na kunna famfo.

Awa ɗaya ma'auni yana kan 50 ya ƙi motsi. Sai na tara shi a bakin famfon kansa: 43. Baƙin tankin roba ne a kan soro, tun safe rana ke gasa shi. Ruwan da ya kai 43 ba zai sauko da komai ƙasa da 43 ba, ko bututun na zinariya ne, kuma kusa da nan ma sai ya yi ta jan ƙafa. Baturen da ke cikin waya ruwan famfonsa daga ƙarƙashin ƙasa mai sanyi yake zuwa, ba wanda ya faɗi haka a bidiyon don a wurinsu ba labari ba ne. Da a ce a nan na zare naɗin na nemi wata hanya, da asarar ta tsaya a ruwa. Sai na ce bari dai ya ci gaba, ai ko yaya ne yana ragewa. Na bar shi cikin zoɓo mai zafi mai tsami daga ɗaya da rabi har kusan biyar, sai da tanki ya ƙafe. Minti 40 ya saba yi. Ranar ya yi sama da awa uku, da korensa.

Wajen la'asar ƙaramin ɗana, ɗan shekara shida da ba ya azumi, ya saci kofi guda daga tukunya. Ba a jima ba ya riƙe ciki ya yi amai a tsakar gida. Na ce ɗanyen mangwaro ne, na ma yi masa faɗa. Wannan faɗan shi ne abin da na fi jin kunyarsa a duk labarin. Ni kuma da azumi a bakina ban saba ɗanɗana komai ba, ma'auni nake bi, kofi kaza na sukari, kaza na citta. Launin ya ɗan yi duhu, na ce yawan dahuwa ne. Muka ɗura, muka danna cikin kula da ƙanƙarar saye, auta ya ɗaure hamsin a bayan mashin ya tafi.

Allah ya sa surukata tana gidan. Hajiya ta tsufa, ga gyambon ciki, ciyarwa take yi. Na kai mata gora ɗaya don ta sa albarka. Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta tofar a kasko. Ta ce, "Ke ɗiyag ga, mi kis sa cikin soɓon ga? Ɗanɗanon kwabo garai." Na ce ba komai Hajiya, yadda na saba ne. Ta ce in kawo mata abin da na tsoma a ciki. Na ɗauko naɗin, yana ƙyalli fiye da ranar da aka saye shi, babu ɗigon kore ko ɗaya. Ta kalle shi, ta kalle ni, ta ce, "Da mi aka wanke tagulla in ba da tsamiya ba?"

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Kakata a Argungu tana da mundaye da wata tasar tagulla ta gado, kuma ni take sawa in goge su da jiƙon tsamiya da toka duk sallah. Na san yadda ruwan ke komawa bayan an gama. Na san ba ta bari ko kaji su sha, bayan gida take sawa a zubar. Lita 40 na wannan ruwan na dafa, na sa masa sukari, na aika masallaci.

Saura kamar rabin awa a kira salla. Na kira auta bai ɗauka ba yana kan mashin. Maigida ya fita da gudu ba ko hula, ya same su an riga an jera goruna a kan tabarmi gaban sahu. Yadda ya tattaro su a gaban mutane, da abin da ya faɗa musu, bai taɓa ba ni labari dalla-dalla ba, ni ma ban matsa ba. Ya dai sayi lemon kwalba da ruwan leda da kuɗin aljihunsa aka maye gurbi. Yaron kuma wata ma'aikaciyar jinya a unguwarmu ta duba shi, ta ce a ba shi ruwan gishiri da sukari a sa masa ido, in aman ya ci gaba a tafi asibiti. Da safe ya tashi yana wasansa. Wallahi in na tuna tsofaffin da ke sahun gaba a masallacin nan, su sha wannan a kan cikin da ya wuni ba komai, har yanzu jikina yakan yi sanyi.

A daren auta ya zauna ya karanta abin da ya kamata mu karanta tun a Sha'aban. Ruwan da Turawan nan ke tsoma jan ƙarfe a ciki tsaminsa kaɗan ne, a ma'aunin da ake kira pH yana wajen 5 da ɗoriya. Zoɓo yana wajen 3 ko ƙasa da haka, tun kafin a matsa masa lemon tsami. Kuma ma'aunin nan duk taki ɗaya ninki goma ne, wato zoɓona ya fi nasu tsami fiye da sau ɗari. Bayan haka su yis ɗin da suke zubawa yana shanye mafi yawan ɗan jan ƙarfen da ya narke, ni kuwa ba abin da ke tsakanin tukunyata da cikin mutum sai murfin gora. Dokar abinci ta hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana haɗa jan ƙarfe da duk abin ci ko sha da ke ƙasa da 6 a ma'aunin, ta ambaci irin su ruwan 'ya'yan itace, sannan ta keɓe masu wancan aikin na giya su kaɗai. Wato a duk duniyar abin sha, mun je mun kwaikwayi mutanen da aka yi wa togaciya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa iyakar jan ƙarfe a ruwan sha miligiram 2 a lita, kuma alamar farko in ya yi yawa ita ce tashin zuciya da amai da ciwon ciki. Ɗanyen mangwaro, in ji ni.

Ya kuma gano cewa akwatin nan mai farantai, wanda na ƙi saboda toshewa, yawancinsu da jan ƙarfe ake like farantan. Ko shi na saya ban tsira ba. Sau 25 ɗin da ya ruɗe ni ma ashe a takarda ya fi ƙarfi: bangon bututun siriri ne ƙwarai, abin da ke jinkirta hucewa shi ne ruwan da ya kwanta a jikinsa ba ya motsi. Shi ya sa in na daina juya muciya ruwan da ke fita yakan yi sanyi nan take, in na ci gaba ya dawo da zafi. Muciyar ke rabin aikin, ni ina yaba wa ƙarfe.

Hanyar da nake bi yanzu Hajiya ce ta ba ni, washegari, ba tare da ta ɗaga kai daga carbinta ba. Ta ce, "Soɓo za ki dahwa ko ruwa?" Shi ke nan. Me ya kai ni tafasa lita 40 sannan in zo ina yaƙi da zafin lita 40? Yanzu lita 12 nake dafawa, da zoɓo da kayan ƙamshin lita 40 gaba ɗaya, ya fito baƙi kirin mai kauri. In tace, in sake jiƙa tukar da ɗan ruwan zafi don kada a bar komai, in narkar da sukari tun da zafinsa. Sai in zaunar da tukunyar sitenles a cikin babban baho, in zuba ruwa kewaye da ita, ina juyawa, in canja ruwan sau biyu ko uku. Ruwan bahon ba na tanki ba ne, tun asuba nake tara shi a inuwa, zubin ƙarshe kuma daga randa, don randa a bazarar nan na auna ta 24 ranar da tanki ke 43. Cikin minti 25 ya sauko wajen 35. Daga nan in tsinka da lita 20 na ruwa mai tsabta da kilo 8 na ƙanƙara. Kafin ƙanƙarar ta gama narkewa lita 40 na wajen digiri 10, a ɗura kawai.

Lissafin ƙanƙarar ya kamata kowace mai sana'ar nan ta riƙe shi. Kilo ɗaya kafin ya narke yana shanye zafin da zai sauko da lita ɗaya ta ruwa daga 80 zuwa sifiri. Da jin haka kamar da yawa, amma in kika ce da ƙanƙara zalla za ki huce da lita 40 daga tafasa, sama da kilo 20 za ki ƙona kafin ya kai ɗumin jiki ya ɗan wuce, ba a ma fara maganar sanyi ba. Zafin sama a bar wa ruwan banza ya kwashe, ƙanƙara ta ƙarasa na ƙasa. Kuma wadda za ta shiga cikin zoɓo ni nake haɗa abata a leda da ruwan da na yarda da shi. Ta saye, wadda ban san rijiyar da aka ɗebo ba, iyakarta kula da baho.

Tun daga ranar nake kallon tukwanena da wani ido. Tukunyar dalma ma in kika lura, daidai inda zoɓo ya tsaya cikinta yakan yi fari tas, layi irin wancan. Ban ce ɗaya suke da jan ƙarfe ba, amma na daina barin zoɓo ya zauna a cikinta bayan an sauke, balle ya kwana. Wadda kasuwarta ta kai lita ɗari ko fiye, har take ganin sai da naɗi, to ta jure ta aika a kawo mata na sitenles, wanda aka rubuta 304 a jiki. Kafin ta biya ko sisi kuma ta tara ma'auni a bakin famfonta da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, ba da asuba ba. Ni da na yi wannan awon na minti ɗaya, da adashena na nan.

Matar da ta yi odar masallaci ba ta sake aikowa ba sai bayan babbar salla, kuma ko da ta aiko gora goma ce, na san gwaji ne. Auta ya yi wata guda yana shigowa gidan da sallama ƙasa-ƙasa. Matan nan biyu da na kira kallo, sai da na bi su gida-gida na warware abin da na koya musu, ɗayar har ta riga ta tambayi kuɗin bututu.

Naɗin yana nan rataye a ƙusa bayan kicin, ya koma launin tsohon kwabonsa. Wani ɗan gwangwan da ke bi ta layinmu ya hango shi ta ƙofa, sau uku yana tayawa, kullum yana ƙara kuɗi, ya ce kofa ce zalla, a kilo ake sayenta. Maigida ya ce in sayar in rage asara. Jiya ma ya sake zuwa, na ce wa yarinya ta ce masa ina barci.